Inabin Ɗa'if a Kwalbar Isbaniya

Jiya da yamma na ji ka, Fahad. Kana tsammanin ƙarar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta rufa maka asiri, kake gaya wa Anas wai sana'ar kawunku ko makaho zai iya: a jefa kwalba a kwali, a naɗe da leda mai ƙyalli, a ɗaura zare, a ɗauki hoto a sa a waya, halas. Ban tanka ba saboda akwai mai saye a tsaye. Yau kuwa ranar Makka ta kore kowa daga titin unguwar Zahir, ko kyanwa ba ta gilmawa, don haka ku jawo kujera. Kife wayar nan. Da Hausa zan yi muku, wanda bai gane ba ya je ya tambayi uwarsa, ita ta ƙi koya masa.

Kwalin farko da na ɗaure a rayuwata na wani alhaji ne mutumin Katsina. A shagon Ammu Salim ne, wato Kawu Salim, wani Balarabe Bahadrame mai ɗaure wa alhazai tsaraba a kusa da Harami, tun kafin a rushe unguwar a gina otal-otal. Kayan alhajin butar shayi ce da finjalai, da kwalbar turare, da dabino. Na jera su tsaf, na ɗaure, na tsaya ina jiran yabo. Ammu Salim ya ɗaga kwalin har ƙirjinsa ya saki. Tim! Ya ce, "Wannan filin jirgin Jidda ke nan." Ya sa ƙafa ya harbe shi har bakin ƙofa, ya ce, "Wannan Kano." Sannan ya tattare jallabiyarsa ya zauna a kai, shi kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, ya ce, "Wannan motar ƙauye." Da aka buɗe, finjalai sun zama gari, dabino ya sha turare ya ƙoshi. Ya dube ni ya ce, "Ya walad, yaro, kai ido ka yi wa ɗauri. Mu hanya muke yi wa." Daga ranar na koma lungu ina yayyaga tsofaffin jaridu don cusawa tsakanin kaya, na daɗe a lungun nan har na fara gane kwali mai ƙwari da ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa shi.

Almakashin da kake yanke farce da shi, Anas, na Ammu Salim ne, ya girme ka. Bindigar gam daga baya ta zo. Istishwar ɗin busar gashi da muke ɗame leda da shi kuwa na Hajiyar gidana ne, na ce ara zan yi, har yau in mun yi faɗa sai ta tayar da maganarsa. Amma abin da Ammu Salim ya fi yi wa rowa shi ne ƙulli. Yana da wani ƙulli da ko raƙumi ya ja ba zai kwance ba, amma in ka san inda aka ɓoye bakin zaren, ja ɗaya za ka yi ya buɗe kamar an yi sallama. In zai yi shi sai ya juya mini baya. Sai da gemu ya fito mini sannan ya nuna mini, ya kuma sa na rantse. Na yi shekaru ina bugun ƙirji cewa daga nan Zahir har unguwar Ka'akiyya babu mai wannan ƙullin sai ni. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo mata.

Kwalaben nan da kuke gani, wata yarinya ce ta jawo mini su, ma'aikaciyar asibiti, jikar mutanenmu. Lokacin na buɗe nawa shagon. Ta miƙo mini waya ta ce irin wannan take so ta kai wa mamanta. Na duba, sai ga akwatin katako, an kwantar da kwalabe a kan ciyawa, kowacce da tutar ƙasarta. Na ce wannan mene ne? Ta ce giyar inabi ce ta ƙasashen duniya, wai haka Turawa suke ba iyayensu mata kyauta. Na ce, "A'uzu billahi! A Makka? Ke, so kike a rufe mini shago a sa mini ankwa?" Ta yi dariya har ta dafa kanta, ta ce, "Haba Ammu, na halal nake so. Siffar kawai." Na kwana ina juya maganar. Da safe na hau mota zuwa Jidda wurin masu sari, ashe abin yana nan jibge: ruwan inabi zalla, babu ɗigon abin maye, a kwalba mai dogon wuya da hular zinariya. Na Isbaniya, wadda 'yan Kano ke ce wa Sifen, na Faransa, na Afirka ta Kudu, ruwan rumman na Turkiyya. Na haɗa mata kwali. Kafin Sallah ta zagayo, duk ɗan da ya samu albashi a cikin mutanenmu so yake ya kai wa uwarsa duniya a kwali.

Ba a rasa masu ɗari-ɗari ba. Wani ɗalibi Basakkwace ya taɓa tsayuwa a nan ya karanta bayan kwalba da Larabci, ya karanta da Turanci, ya shinshina murfin, ya fita, ya dawo da abokinsa suka sake karantawa tare. A ƙarshe ya saya, amma ya ce in ɓamɓare hular zinariyar, wai ta cika kama da ta mutanen banza. Na ɓamɓare masa, kwalba ta koma kamar kazar da aka fige.

To ga inda sana'ar take, kuma ba a cikin leda take ba. In ɗa ya shigo ya ce kwalin uwa yake so, kada ka tambaye shi launin zare. Ka tambaye shi: uwarka mai rabo ce ko mai ajiya? Mai rabo ba ta shan komai. Kana ba ta, za ta aika wa maƙwabciya, ta aika wa limamin unguwa, ta zuba wa jikoki a murfin fulas, ita ko ɗanɗane. Wannan ƙananan kwalabe za ka jera mata da yawa, don kowa ya samu. Mai ajiya ita ma ba ta sha. Kabet ɗin gilashi take sa shi, tsakanin tangaran ɗin aurenta, duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata. Wannan ka zaɓa mata kwalba mai duhu, mai kyan tsayuwa, wadda za ta jure zafin garin nan. Akwai kuma wadda kafin ta ce an gode sai ta juya gindin kwalba tana neman farashi, don ta yi wa ɗan faɗan almubazzaranci. Ita ce dalilin da nake sa ku bi kowace takardar farashi da istishwar har ta ɗago, kuna gunaguni. Kuma ka tambayi ciwon suga, don rabin iyayenmu suna da shi, 'ya'yan kuwa sai su manta. Na yi shekaru ina cewa uwa ba ta shan kyautar ɗanta, kuma babu wadda ta ƙaryata ni sai Hajiya Dije.

Shekarar annoba ce. Kun tuna, an rufe Umara, Harami ya zama fili, tantunan Mina suna tsaye babu kowa a ciki sai 'yan tsiraru. Ni kuwa na cika sito da kwalabe ina jiran kasuwar Ramadan. Babu mai saye, wa'adinsu kuma yana ƙaratowa. Sai muka hau sha. Mu ci tuwo miyar kuka mu kora da Faransa, mu yi sahur da Afirka ta Kudu. Har ƙaramar 'yata ta fashe da kuka wata rana tana cewa ita dai a ba ta ruwa, ruwa kawai, na famfo. Kwalaben da muka shanye na wanke na jera a bayan kanta, don hannuna ba ya iya jefar da kwalba mai kyau.

Ana saura kwanaki babbar Sallah sai ga Nasiru ya shigo da jarka a hannu. Ɗan Hajiya Dije ne ta Ka'akiyya, ƙawar mahaifiyata, Allah ya jiƙan su duka. Yaron tura keken tsofaffi yake yi a Harami, lokacin Hajji ya yi dako a Mina, ka ga shekarar nan duka biyun sun mutu. Ya samu ya hau garin Ɗa'if na kan duwatsu yana tsinkar inabi a gonar wani mutum. Ya ɗora jarkar a kan kanta, na ga hannayensa baƙi wuluk da jan inabi har cikin farce. Ya ce, "Ammu Isiyaku, ɗan maƙwabciyarmu duk Sallah sai ya kawo wa uwarsa kwalinka. Umma ba ta taɓa ce mini komai ba, amma ina ganin yadda take kallo. Bana na yi niyya, ga yadda ta kasance. Wannan da hannuna na matse. Ka zuba mini a kwalbar Isbaniya ɗaya, ka yi mata irin kwalliyar nan taka."

Na ce, "Nasiru, wannan ɗanye ne, ba a dafa shi ba, ba a sa masa maganin ajiya ba. Yau ko gobe za a sha shi, kuma a firji. Uwarka mai rabo ce ko mai ajiya?"

Ya ce, "Mai rabo ce, wallahi. Ƙwayar dabino ɗaya sai ta raba ta uku."

Na ce to shi ke nan, kafin magariba jikoki sun shanye. Na tace shi da ƙyalle, na ɗura, na danna murfin roba, na murɗa masa waya, na sa hular zinariya, na yi masa ƙullin Ammu Salim da jan zare. Ta fito kamar yanzu aka sauke ta daga jirgi. Ban karɓi komai ba, don ba sayarwa ba ce. Ya rungume ta ya tafi, ni kuma na manta.

Shekaru suka wuce, gari ya buɗe, Nasiru ya samu aikin tuƙa motar kai kaya, har aka ba shi 'yar wani malami mai koyar da karatu a nan Zahir, mutumin da ko zoɓo aka ba shi sai ya tambayi yaushe aka jiƙa. Rannan ina ɗame leda sai ga Nasiru ya faɗo shago ko sallama babu, fuska kamar an aiko masa da mutuwa.

"Ammu, kwalbar nan tana nan."

"Wace kwalba?"

"Ta Isbaniya. Ta Ɗa'if. Ba ta raba ba, Ammu. A kabet ta sa ta tun ranar. Yanzu ta ce ranar da iyayen yarinyar mata za su zo gaisuwa, ita za ta buɗe musu."

Na kashe istishwar, na nemi kujera. Ku da ba ku sani ba, ɗanyen ruwan inabi in aka toshe shi aka bar shi a zafi, ba lalacewa kawai yake yi ba. Giya yake zama. Kuma yana tara iska a ciki, murfin in ya tashi sai ya fasa fitila. Wato shekara da shekaru, a cikin garin Makka, a ɗakin Hajiya Dije, matar da ba ta barin turaren fesawa ya taɓa mayafinta don an ce akwai sibirto, wato sinadarin giya, a ciki, akwai kwalbar giya tana tsaye tsakanin tangaran, da ƙullina a wuyanta. Kuma za a zuba wa matar malam. Ko ba ta kai baki ba, warin kaɗai ya isa. Auren ya watse, tsohuwa kuma ba za ta ƙara iya ɗaga kai a Ka'akiyya ba.

Na ce, "Kai, duk shekarun nan me kake yi?"

Ya ce babu abin da bai gwada ba. Makullin kabet ɗin a ƙulle yake a bakin mayafinta, da shi take barci. Ya taɓa cewa zai yi wa ɗakin fenti don a fitar da kaya, sai ta zauna a tsakar gida da kwalbar a cinya har fenti ya bushe. Ya ce mata ai irin wannan yana da wa'adi, ta ce kayan Turawa ba sa lalacewa. Na ce to ka gaya mata gaskiya mana. Sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ammu, babu matar da ta shiga ɗakin nan ba a nuna mata ba. 'Ga abin da Nasiru ya kawo mini daga Isbaniya, a shekarar da kowa ke kuka.' Yanzu in ce mata jarka ce?"

Dabarar tawa ce, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na ɗauko kwalbar Isbaniya ta gaske, sabuwa, don in musanya ta da ta kabet, na yi mata irin kwalliyar sak, jan zare da ƙulli, na kwantar da ita a jakar kayan aiki. Bayan la'asar Nasiru ya kai ni Ka'akiyya, ya tsaya da mota a bakin layi yana cizon yatsa, ni na hau bene.

Hajiya Dije ta karɓe ni kamar ɗanta. Aka kawo gahawa da dabino. Ta tambayi matata, ta tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafata mai ciwo. Sannan na gyara murya na ce shagonmu ya fito da sabon tsari, duk kwalbar da muka taɓa yi wa kwalliya muna bin ta gida mu sabunta mata zare, kyauta.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Isiyaku, tun ina goyo aka kawo ni garin nan, ban taɓa jin mai shago ya bi kaya har gida don ya yi musu kwalliya kyauta ba. Amma zamani ne."

Ta kwance makulli, ta buɗe kabet, ta ɗauko kwalbar ta wuya, tana tafe tana kaɗa ta kamar mai kiran kaji da hatsi. Na miƙe zumbur. Na ce, "Hajiya a hankali!" Ta ce, "Me?" ta dangwarar da ita a kan tire, ƙwal! Wallahi sai da na runtse ido na yi kalmar shahada. Da na ga ina raye, na ɗauke ta da hannu biyu, na juya bakinta wajen taga. Na duba wuyan. Ƙullina ne, yadda na yi shi, ba a taɓa ba.

Saura ta ba ni baya na ɗan lokaci kawai. Na ce ko zan samu ruwan sanyi? Ta miƙa hannu bayan kujera ta ɗauko gora. Na ce istishwar ɗina yana son wuta, ko za ta duba mini soket a ɗaki? Ta ce ga shi nan a gefen ƙafarka. Na ce kamar ina jin ƙauri daga kicin. Ta ce yau ba ta ɗora komai ba, azumi ta yi jiya, ragowar abincin buɗa-baki za ta ci. Ta harɗe hannu ta zuba mini ido, ni kuma gumi yana bin bayana duk da mukayyif. Can sai tari ya kama ta, ta sunkuya. Na ce yanzu ne. Na cusa kwalbar cikin jaka da sauri, sai ta gamu da 'yar'uwarta. Ƙil!

Tari ya tsaya nan take. Ta ce, "Me ke gaisawa a jakarka?"

Na ce almakashi ne.

"Almakashin gilashi? Fito da su duka biyun."

Na fito da su na jera a tire, kamar ɓarawon da aka kama da akuya. Ba ta ko yi shakka ba, ta sa hannu ta ɗauki tata. Ta lalubo bakin zaren, inda na rantse babu wanda ya sani, ta ja sau ɗaya, ƙulli ya buɗe. Ta fara warware waya. Na yi ihu, "Hajiya kar ki buɗe, don girman Allah!" na fizgo matashin kujera na kare fuskata. Ina nan a ƙudundune ina jiran ƙara. Shiru. Sai na ji sautin zuba ruwa a finjali. Na leƙo. Fari ne tas.

Ta ce, "Sauke matashin nan, ka yi bismilla. Zamzam ne."

Na sha. Zamzam ne.

Ta ce, "Kai da yaron nan kun mayar da ni sakarya. Ranar da ya kawo mini ita, hannunsa na fara gani kafin kwalbar. Isbaniya ce take rina wa mutum farce? Ya miƙo mini yana ɓoye yatsu a ƙarƙashin leda. Yana fita na rufe ƙofa, na zauna a nan inda kake, na buɗe. Jikoki suna buga ƙofa na ce ina lazimi. Ni kaɗai na shanye shi, ban ba kowa ko ɗigo ba. Ga tsami, Isiyaku! Yaron nan bai iya zaɓen inabi ba, har da ɗanye ya matse. Kwana na yi cikina yana ƙugi. Amma abin da ɗana ya tsinka a rana ya matse da hannunsa, a shekarar da bai da ko na aski, wa zan ba?"

Na ajiye finjalin. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ƙullin fa?"

Ta yi tsaki. "Wannan ɗan abin? Ni da na tsufa ina ƙulla wa alhazai yaji da kuka a leda? Kallo ɗaya na yi masa." Ta ɗauki zaren, tana magana tana kallon taga, ta mayar da shi a gabana. Ƙullin da na yi gemu kafin a nuna mini. Gaskiya wannan ya fi komai yi mini ciwo a ranar.

Na ce to me ya sa ta ce za ta buɗe wa surukai? Ta ce da zamzam za ta zuba musu, wa zai raina zamzam? Kuma tana jin daɗin ganin yadda yake zagaye kabet ɗin kamar kyanwa da kifi. "Fentin nan da ya yi mini, ɗakin ma yana so." Sannan ta jawo sabuwar kwalbar gabanta ta ce, "Wannan bar ta, tunda kyauta ka ce. Ita zan buɗe musu. Tawa kuma zan ɗauke ta daga idonsa ya huta." Ta nuna ni da yatsa. "Amma ka ji, in ka gaya masa na sani, ban yafe ba. Ya sha wahala ya rufa wa kansa asiri a gabana. Ka bar masa Isbaniyarsa."

Na sauko na tarar da Nasiru ya kusa cinye yatsansa. Ya ce, "An dace?" Na ce wadda za a buɗe wa surukanka ta gaske ce. Ya ce tsohuwar kwalbar fa? Na ce ba za ta ƙara damunka ba, ja mota. Ya kama kaina ya sumbata har hulata ta faɗi. Aka yi gaisuwa lafiya, an ce matar malam har ƙari ta nema. Aka ɗaura aure, ga su nan da 'ya'ya biyu. Ni na yi asarar kwalba ɗaya da bugun ƙirjin ƙulli, na kuma riƙe bakina.

Bara Hajiya Dije ta rasu. Bayan an share makoki, ina nan a inda nake yanzu, sai ga Nasiru ya shigo da abu a naɗe cikin tawul. Ya ce da suka buɗe akwatinta don ɗauko likkafanin da ta tanada, a cikinsa suka sami kwalbar, a nannaɗe. Ya warware tawul ɗin. Jan zaren ya koɗe, ƙullin yana nan.

"Ammu, ba ka ce ta tafi ba?"

Na ce, "Cewa na yi ba za ta ƙara damunka ba. Zauna."

Na gaya masa duka, tun daga farcensa har fentin ɗaki. Da na zo wurin tsami sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya kifa kai a kan kanta, daga nan kafaɗunsa suka ci gaba da rawa amma ba dariya ba ce. Na bar shi. Ni ma ban iya ganin zaren da ke hannuna sosai ba. Da ya ɗago, ya share fuska da tawul ɗin, ya ce, "Umma fa ko shayi ba ta iya sha ita kaɗai. Wa ta ba?"

Na ce, "Babu."

"Ko 'yan jikokin?"

"Suna buga ƙofa ta ce tana lazimi."

Ya shafa jan zaren da yatsa. Sannan ya ce, "Duka ta shanye, Ammu?"

Na ce, "Duka. Har da tsamin."